Wata goma ina kai iyalina wani kilinik a Tawa: abin da na gani, da abin da ke riƙe da likitansa

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura a Tawa har ruwan randa yake yin ɗumi tun kafin azahar, mahaifiyata ta fara kukan ciwon kai da jiri, kuma sau biyu tana neman faɗuwa a wurin alwala. Mun ɗauka zafi ne, ita ma haka ta ɗauka, shi ya sa ta ci gaba da aiken jikokinta su sayo mata ƙwayoyi wurin masu tallan magani, tana sha tana samun sauƙin yini guda. Wani abokin aikina, malamin makaranta kamar ni, shi ne ya ba ni shawarar in kai ta wani ƙaramin kilinik mai zaman kansa da ke cikin gari, ya ce likitan wurin mutum ne mai sauraro. Daga wannan rana zuwa yau wata goma ke nan, kuma a cikinsu na shiga gidan fiye da sau goma sha biyar, wani lokaci da tsohuwa, wani lokaci da ƴata, sau biyu kuma da wani maƙwabcina wanda daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Ba zan ambaci sunan wurin ko na likitan ba, domin akwai aibobin da zan faɗa a fili, amma duk abin da zan rubuta da idona na gan shi.

Gidan zama ne aka mai da shi asibiti. Da ka shiga ƙofa za ka tarar da rumfar kwano da bencina huɗu, da tabarmi a gefe domin waɗanda ba su iya zama, sai tagar da ake biyan kuɗi. Kuɗin ganin likita jika biyar ne, kuma takardar tana aiki har kwana goma sha biyar, wato idan ka dawo da sakamakon gwaji a cikin waɗannan kwanaki ba za ka sake biya ba. Akwai ɗakin likita, da ɗakin allura da ɗaurin ciwo, da ɗan ɗakin gwajin jini, da ɗakunan kwanciya biyu masu gado uku-uku, sannan ƴar farmasi kusa da ƙofa. Likita ɗaya ne tak, na kowane irin ciwo, tare da ma'aikatan jinya uku da ke karɓar aiki bi da bi, da mai gwaji, da mai karɓar kuɗi, da wani dattijo mai gadi wanda butar shayinsa ba ta sauka daga kan gawayi.

Ranar farko mun jira kusan awa uku kafin a kira mu. Da muka shiga, likitan ya miƙe daga kujerarsa, ya kama hannun tsohuwa ya zaunar da ita, ya ce: "Inna, sannu da zuwa. Ina gajiya? Yaya jikin?" Bai taɓa abin awo ba sai da ya bar ta ta huta, ta ba shi labarin ciwon tun daga farkonsa, har da abubuwan da ni nake ganin ba su da alaƙa da ciwo, kamar rasuwar ƙanwarta da rashin barcin da ya biyo baya. Na so in taƙaita masa, sai ya ɗaga mini hannu cikin ladabi, ya ce in bar ta ta faɗa da bakinta. Sannan ya auna tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, a hannun dama, ya auna a na hagu, ya jira ƴan mintuna ya sake aunawa, duka suka tsaya a kan 18 da 10. Ya yi mana bayanin cewa daga 14 da 9 zuwa sama ake kiran abin hawan jini, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai sai ranar da ya yi ɓarna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ledar magani. Ya tambaya ko mun zo da abin da take sha, ta ciro wata baƙar leda daga cikin zanenta, shi kuwa ya zazzage ta a kan tebur yana ware ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake. Ya nuna mana diklofenak da ibuprofen, ya ce waɗannan masu kashe raɗaɗi suna ƙara hawan jini kuma suna gajiyar da ƙoda idan aka daɗe ana shan su. Ya nuna wasu ƙanana da ba su da ko suna a jiki, ya ce waɗannan ba zai iya cewa ga abin da ke cikinsu ba, kuma abin da likita bai san shi ba bai kamata tsohuwa ta haɗiye shi ba. Da ya ji cewa ita mutuniyar wajen Madawa ce, ƙasar albasa, sai ya kawo mata misali da mesar injin ban ruwa: idan ƙarfin ruwa ya yi wa mesa yawa shekara da shekaru, a inda ta fi rauni take fashewa, a jikin mutum kuwa wuraren nan su ne ƙwaƙwalwa da ido da zuciya da ƙoda. Na ga ta gyaɗa kai irin na wadda ta gane da gaske.

Bayan an yi gwajin fitsari da na ƙoda da na sukari, ya rubuta mata amlodipin, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya zana rana a jikin kwalin domin ba ta karatun boko, ya kuma gaya mata a fili cewa wannan magani ba na mako guda ba ne, abokin zama ne. Daga nan ya tambaye ni wa yake dafa abinci a gidan. Da na ce matata ce, sai ya nemi in zo da ita a zuwa na gaba, domin a cewarsa maganar rage gishiri da magi da kanwa ba ta da amfani idan ba ta kai kunnen mai riƙe da ludayi ba. Na lissafa, mun yi kusan rabin awa a ɗakin, alhali mutum fiye da ashirin suna jira a rumfa. Ga mai kilinik, wannan asara ce a fili, tun da a wannan lokaci zai iya sallamar mutum huɗu ya karɓi kuɗinsu. Tun daga ranar na fara tambayar kaina mene ne yake sa mutum ya zaɓi yin aiki haka.

Amsar ba ta zo mini ba sai a ƙarshen watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da sauro ya cika gari kuma kowane gida yana da mai masassara. Ƴata mai shekara huɗu ta yini da zafin jiki da amai, muka ce mu ga safiya, sai wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Wata maƙwabciya ta ce shafar iska ce, a nemo hayaƙi, amma na ɗora mahaifiyarta a bayan babur tana rungume da ita muka nufi kilinik cikin yayyafi. Ma'aikacin jinyar da ke kwana ya kira likita a salula, kuma bai fi minti goma sha biyar ba sai ga shi da jallabiya, ƙafafun wandonsa jiƙe da taɓo. Aka tsaga ɗan yatsanta aka ɗiga jini a kan abin gwajin gaggawa, layi biyu suka fito, zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani. Ya auna sukarin jininta, domin wannan ciwo yana kayar da sukarin yara, ya duba cikin fatar idonta da tafin hannunta ya ga yadda jini ya ragu, aka ɗora ta a ma'auni, sannan ya yi mata allurar artesunat ta jijiya. Ya bayyana mana cewa za a maimaita bayan awa 12, a sake bayan awa 24, idan ta fara iya haɗiya kuma a koma ga ƙwayoyi na kwana uku.

A tsaye a bakin gadon ya gaya mini wata magana da ban yi tsammanin ji daga mai asibitin kuɗi ba. Ya ce: "Malam, ka san a asibitin gwamnati yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba shi. Idan aljihu ba zai ɗauka ba, kada ka ji kunyata, in rubuta muku takarda da safe ku ci gaba a can." Gaskiya ya faɗa, domin tun 2006 Nijar ta ɗauki matakin kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati. Ya ƙara da cewa idan jininta ya ƙara yin ƙasa, ko muna so ko ba ma so zai tura mu cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, saboda shi ba shi da jinin da zai ƙara mata. Sannan ya tambaya ko ta sha maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina. Na gaya masa gaskiya, ta sha na ranar farko a gaban ma'aikatan, amma na rana ta biyu da ta uku da aka bar mana mu ba ta, mun yi sakaci saboda ɗacinsa. Bai yi mini faɗa ba, ya dai nuna wa mahaifiyarta yadda za ta narka ƙwayar a cokali, ya ce kariyar ba ta cika sai an kammala kwana ukun.

Mun zauna a wurin. Ƙarfe uku na dare na ji motsi, na buɗe ido na gan shi tsaye da fitilar salula yana ƙirga numfashinta, alhali ba wanda ya kira shi. Safiya ta biyu, yarinyar da ta yi kwana da yini ba ta san inda take ba ta buɗe ido, ta dubi mahaifiyarta, ta ce tana son ƙosai. Likitan yana bakin ƙofa da abin sauraron ƙirji rataye a wuyansa. Sai na ga fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya tafa hannu, ya leƙa waje ya kira ma'aikacin jinyar ya zo ya ji da kunnensa, ya ce wa ƴata: "Ƴar Baba, ƙosai sai gobe, yau kunu za ki fara sha." Wannan mutum ya ga irin wannan farfaɗowa sau ɗaruruwa, domin kowace damina aikinsa ke nan, amma murnar da na gani a fuskarsa sabuwa ce fil, kamar ta manomin da ya ga tsiron gero bayan ruwan shuka, duk da cewa kowace shekara yana gani.

A daren da ya biyo baya, bayan sallar isha'i, muka zauna a rumfa mai gadi yana zuba mana shayi, na yi masa tambayar da ta daɗe a raina. Ya ce shi ɗan wani ƙauye ne na ƙasar Adar, ya yi karatunsa a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1974, kuma yana cikin shekarunsa na ƙarshe lokacin da annobar sanƙarau ta 2015 ta auku, wadda ta kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar ta kuma kashe fiye da 500. Ya ce a wannan lokaci ne ya ga da idonsa yadda yara biyu za su zo da ciwo iri ɗaya, ɗaya ya tashi ɗaya ya tafi, kuma sau da yawa abin da ya raba su shi ne ƴan awannin da ɗaya ya riga ɗaya samun allura. Tun daga nan, in ji shi, ya kasa ɗaukar kiran dare a matsayin damuwa, domin ya san nauyin awa guda.

Na zaci zai ce tausayi ne ke tafiyar da shi, sai ya ce tausayi yana da muhimmanci amma shi kaɗai ba ya kai mutum la'asar, saboda wanda ya ga marasa lafiya arba'in a yini, idan da tausayi kawai yake aiki, zuciyarsa za ta gaji ta bushe. Abin da ya ce yana sabunta masa ƙarfi shi ne daɗin gano bakin zaren ciwo. Ya kwatanta kansa da mai bin sawun raƙumin da ya ɓata: mara lafiya yana zuwa da alamu a warwatse, wannan ya ce ciwon kai, wancan ya ce kasala, aikin likita shi ne ya bi sawun har ya kai ga abin da ya haddasa su, kuma ranar da ya gano abin da ya shige wa wasu duhu, ya ba da magani ya ga ya ci, yana komawa gida da wani farin ciki da kuɗi ba su saye. A nan na fahimci dalilin zazzage ledar mahaifiyata a kan tebur. Ba don ya burge mu ya yi ba, sawu yake bi.

Sai kuma maganar amana, wadda ya daɗe a kanta fiye da sauran. Ya ce mutum yakan shigo ɗakinsa ya faɗa masa abin da bai faɗa wa matarsa ba, mace ta faɗi abin da ta ɓoye wa uwarta, dattijon da gari ke girmamawa ya tuɓe riga a gabansa, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda aka ba irin wannan yarda, in ji shi, ko dai ya ji nauyinta ya riƙe ta da kyau, ko kuma ya lalace. Ya tuna ranar da ya kare kundin digirinsa ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar likitoci a gaban malamansa da iyayensa, wadda a cikinta ake alkawarin riƙe sirrin mara lafiya da kula da matalauci, ya ce a ranar kalmomi ne kawai a bakinsa, sai da ya fara aiki suka zama mutane masu fuska da suna. Ya kuma ambaci aya ta 32 a cikin Suratul Ma'ida, inda aka kwatanta wanda ya raya rai guda da wanda ya raya mutane baki ɗaya, amma nan take ya ƙara da cewa shi sababi ne kawai, waraka ta Allah ce, kuma wannan sanin shi ne ke hana shi girman kai ranar nasara, ya kuma hana shi karyewa ranar rashi.

Na ji daɗin cewa bai ɓoye maganar kuɗi ba. Ya ce yana da iyali, yana biyan haya da albashin ma'aikata, yana kuma biyan bashin na'urorin gwaji, don haka ba zai yi ƙaryar cewa sadaka yake yi ba. Amma duk wanda ya san halin ƙasar nan ya san cewa likita irinsa yana da ƙofofi da yawa a buɗe. Ma'aunin da aka saba ambata shi ne likita ɗaya ga mutum 10,000, Nijar kuwa, mai mutane fiye da miliyan 25, ba ta ko kusanci wannan ba, kuma kaso mai yawa na likitocin da ake da su suna Yamai, mai nisan kusan kilomita 550 daga nan. Wasu suna samun aiki da ƙungiyoyin agaji, wasu suna tafiya ƙarin karatu Faransa ko Maroko ko Senegal, daga cikinsu akwai waɗanda ba sa dawowa, kuma ni ban ga laifin wanda ya nemi inda zai fi samun kayan aiki da kwanciyar hankali ba. Da na tambaye shi me ya hana shi bin wannan hanya, sai ya ce a nan idan ya shiga kasuwa yakan haɗu da matar da ya yi jinyar ɗanta shekara biyar da suka wuce, ta turo yaron ya gaishe shi da kayan makaranta a jikinsa, kuma yana son ya tsufa a garin da zai riƙa ganin amfanin aikinsa yana tafiya da ƙafafunsa.

Akwai wani ɓangaren aikinsa da ya dace da ƙasar Adar musamman. Yawancin magidantanmu suna ci-rani a Abijan ko Libiya ko Najeriya, su ne ke aiko da kuɗin magani, tsofaffi da mata da yara kuma su ne ke zuwa asibiti. Sau da yawa na ga an miƙa masa salula, ya tsaya yana yi wa wani ɗa da ke nesa bayanin ciwon mahaifinsa ta WhatsApp, bayan ya nemi yardar mara lafiyan, yana gaya masa abin da ya zama dole a saya da abin da za a iya jinkirtawa. Ba a biyan sa ko dala a kan wannan, amma ya ce idan mai aiko da kuɗi bai gane ciwon ba, magani yana yankewa a wata na biyu.

Maƙwabcina da na ambata, dattijo ne mai sayar da hatsi, mun kai shi a watan Oktoba da kumburin ciki da idanu rawaya. Bayan gwaji, likitan ya kira babban ɗansa da ni gefe, ya ce ciwon hanta ne nau'in B da ya daɗe yana cin sa a ɓoye, kuma ya riga ya yi nisa. Ya rubuta musu takardar zuwa babban asibiti domin ƙwararru su duba, amma ya gaya musu gaskiyar abin da yake hange, don kada su sayar da gona bisa zaton da ba shi da tushe. Ya nemi a kawo matan dattijon da ƴaƴansa a gwada su, wanda ba ya ɗauke da ƙwayar cutar a yi masa rigakafi. A makonnin da suka rage ya riƙa rage masa ruwan ciki da raɗaɗi domin ya samu ya yi salla a zaune cikin natsuwa. Ranar sadakar uku na gan shi a kan tabarmar gaisuwa, ya zo a kan babur ɗinsa tsakanin azahar da la'asar, ya yi addu'a ya koma bakin aiki. A wurinsa, kula da mutum ba ta ƙarewa a ranar da magani ya gaza.

Duk da haka, wajibi ne in faɗi inda wurin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Jira yana da tsawo ƙwarai, kuma babu wani tsari na lamba, sai dai a tara karne, wato ɗan littafin asibiti na mara lafiya, a kan tebur, abin da ke sa wani ya zo daga baya ya riga ka shiga idan ya san ma'aikaci. Mai karɓar kuɗi tana da kaushin harshe, na taɓa jin ta daka wa wata tsohuwa tsawa saboda kuɗinta bai cika ba, a gaban mutane, kuma wannan ya ɓata mini rai matuƙa domin ya rushe abin da ake ginawa a ɗakin ciki. Makewayi ɗaya ne ga maza da mata, tsabtarsa kuwa tana raguwa tun kafin rana ta take. Ƙofar ɗakin likita ba ta rufuwa sosai, wanda ke zaune a bencin farko yana iya jin abin da ake faɗa a ciki, kuma wannan ya saɓa wa amanar da shi kansa likitan yake ɗaukakawa. Wasu magungunan farmasin sun fi na cikin gari tsada, ko da yake ba a tilasta wa kowa saye a nan, kuma shi da kansa yakan rubuta sunan asalin magani domin ka nemi mai rahusa. Idan wuta ta ɗauke, injin da suke da shi ba ya ɗaukar fankokin ɗakunan kwanciya, mara lafiya sai ya sha zafi.

Babban aibin kuwa shi ne komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. A watan Nuwamba ya yi tafiya ta mako guda, muka je awon wata-wata, aka auna tsohuwa a tsaye cikin gaggawa, aka rubuta lamba a karne, ba wanda ya tambaye ta ko tana shan maganin. Shi kansa gajiya tana kama shi. Wata rana da yamma, bayan ya yini bai ci abinci ba, ya manta bai duba sakamakon gwajin ƙodar da ya sa muka yi ba, sai da na tuna masa, kuma ya amsa mini da ɗan zafi. Washegari ya kira ni a salula ya ba ni haƙuri, ya karanta mini sakamakon, na kuma yaba da hakan, amma abin ya nuna mini cewa son aiki ba ya hana jiki gajiya, kuma likitan da ya gaji yana iya yin kuskuren da haƙuri ba zai gyara ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na gaya masa a fuskarsa cewa yana bukatar likita na biyu da ranar hutu guda a mako, ya ce yana nema, sai dai samun wanda zai yarda ya zauna shi ne wuyar.

Ga wanda ke da tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari, irin ciwon da ke bukatar wanda zai san mara lafiya ya bi shi wata da watanni, ina ba da shawarar irin wannan wuri ba tare da shakka ba, da sharaɗin a je da sassafe, a tafi da duk magungunan da ake sha a gida, a kuma fara tambaya ko likitan yana gari. Wanda ke bukatar tiyata, ko ƙarin jini, ko haihuwa mai wuya, kada ya ɓata lokaci a nan, ya wuce babban asibitin jiha ko cibiyar uwa da yaro kai tsaye. Wanda kuma jika biyar za ta yi masa nauyi, ya tuna cewa a 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya a cibiyoyinta, kuma a can ma akwai likitoci da ma'aikatan jinya masu irin wannan zuciya, da yawansu suna aiki cikin cunkoson da ya fi wannan.

Makon jiya muka koma awon watan Janairu. Tansiyon tsohuwa ya tsaya a kan 13 da 8, jirin ya tafi tun tuni, ta koma zuwa gaisuwar ƴan'uwa da ƙafarta. Ta zo masa da ƙullin kuɓewa busasshiya da ta yanka da hannunta, ya karɓa da hannu biyu ya ce: "Inna, na gode, Allah ya ƙara lafiya." Sannan ya buɗe karnenta ya rubuta mana ranar dawowa mako biyu kafin azumi, domin ya duba ƙodarta ya kuma tsara mata lokacin da za ta riƙa shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Ya ce in zo da ƴar ƙosai ma, yana son ya ga ko jininta ya dawo.